Yadda anka toshe kumburin jijiya a ƙwaƙwalwar Gwaggo ba tare da an tsaga kai ba

Wannan bayanin wata mara lafiya ce daga wani gari kusa da Argungu, ƙanwar mahaifina, Gwaggo nake ce mata kuma haka zan ci gaba da kiranta a nan don ba ta so a sa sunanta, amma ita da 'ya'yanta sun yarda in rubuta. Ni aikin jinya nake yi, abin da zan kawo daga takardunta ne da bayanin likitocin da sunka duba ta da kuma wanda na gani da idona.

Shekarunta 54, sana'arta turara shinkafa, ta kai inji a gyara ta fitar ranar kasuwa. Tana da hawan jini tun haihuwarta ta ƙarshe, maganin kuma irin shan da mutanenmu ke masa take yi, in kai ya yi nauyi a sha in ya sake a jefa ledar cikin kwalla. Ba ta shan taba, ba ta da ciwon suga.

Cikin bazara abin ya fara, ciwon kai a bayan idon dama wanda ba ya jin farasitamol. Bayan 'yan kwanaki fatar idon ta fara saukowa har ta rufe shi ruf, in ta sa yatsa ta ɗaga sai ta ga mutum ɗaya ya zama biyu. A gida kowa da tasa fassarar, wasu sun ce iska ce ta buge ta a fadama, wasu sun ce hayaƙin tukunyar shinkafa ne ya ci idon. Anka yi tofi anka sha rubutu, anka je kemis ya haɗo maganin zazzaɓi da na ɗigawa a ido da ƙwayar ciwon jiki. Ni ban da rigima da tofi wallahi, a yi, amma idon da ya rufe haka kawai tare da ciwon kai a gefe guda ba na kemis ba ne ko kaɗan, na hoton kai ne a ranar.

Ga dalili. A ƙasan ƙwaƙwalwa manyan jijiyoyin jini suna haɗuwa su yi zobe, daga nan suke rarrabuwa, kuma a wuraren da jijiya ta rabu biyu nan ne jini ke dukan bango dare da rana. In bangon wurin ya yi rauni sai ya bullo waje ya yi ɗan ƙullutu mai jini a ciki, kamar yadda tsohon tub na keke ke kumburo wa a gefe guda in an cika masa iska. Ba wani abu ba ne mai wuyar samu, kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna yawo da shi, mafi yawansu har su koma ga Allah bai fashe ba kuma ba su san yana nan ba. Hawan jini da taba da gado su ne ke ƙara haɗarin, kuma ya fi samun mata. Na Gwaggo ya fito ne daidai inda wata ƙaramar jijiya ke ɓallewa daga babbar jijiyar wuya ta nufi baya, kuma dab da wurin ne jijiyar da ke ɗaga fatar ido da juya ƙwayar ido ta ratsa. Kumburin na girma yana danne ta, shi ya sa idon ya rufe. Wato jikin ya yi ƙararrawa kusan sati guda kafin abin ya fashe, wanda mutane da yawa ba su samun wannan gatan.

Da asuba tana alwala ta saki buta ta riƙe kai tana salati. 'Yarta ta ce abin da ta iya faɗa kawai shi ne "wani abu ya hwashe min cikin kai". Sai amai, ta ɗan fita hayyacinta ta dawo, wuya ya ƙage, ba ta son haske.

To bazara ce, a Kebbi, ga wuya a sanƙare ga amai, duk wanda ya ga annobar 2017 da ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina abu ɗaya zai zo masa a rai, sanƙarau. Haka anka ɗauka a asibitin farko anka fara mata allurai, kuma gaskiya ban ga abin zargi sosai a nan ba don in sanƙarau ne jinkiri kisa ne. Washegari wani matashin likita ya zo zagaye ya yi tambayar da ta juya lamarin, ya ce "Mama, ciwon nan a hankali ya taso ko lokaci guda?" Ta ce lokaci guda ɗana, awa an buga min taɓarya. Ya duba takarda ba zazzaɓi na a zo a gani, ya ɗaga fatar idon daman ya haska tocila, ɗigon tsakiyar idon ya buɗe fam kuma bai tsuke ba da haske ya shiga, na hagu kuwa lafiya lau. Masu suga su ma ido kan rufe musu haka, amma galibi nasu ɗigon yana amsa haske, in ya buɗe ya ƙi motsi to ana zargin wani abu ne ke danne jijiyar daga waje. Nan take ya rubuta a tafi Birnin Kebbi a yi siti-sikan, wato hoton cikin kai, hoton ya nuna jini ya malala a ƙasan ƙwaƙwalwa cikin ruwan da ke kewaye da ita, ya fi yawa a dama.

Mu a wannan yankin in magana ta kai ga tiyatar ƙwaƙwalwa Sakkwato ake nufa, saboda cibiyar da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, can anka tura ta. Anka sake hoto, wannan karon da ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hanyoyin jini su fito fes, bayan an gwada ƙodarta don ruwan yana iya wahalar da ƙoda. Kumburin ya fito, milimita 7, mai ƙaramin wuya. Anka sa ta a kan nimodifin, maganin da ke rage ɓarnar da tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan yi bayan irin wannan zubar jinin, miligiram 60 duk bayan awa 4 har kwana 21, dare da rana ba tsallakewa, anka sauko da hawan jinin a hankali, anka hana ta yunƙuri ko a bayan gida.

Abin da ya kamata a gane shi ne jinin da ya tsaya ba warkewa ba ne, ɗan gudan jini ne kawai ya liƙe ɓular. In ba a rufe kumburin ba kusan ɗaya cikin biyar suna sake zubarwa a sati biyun farko, haɗarin ya fi yawa a ranar farko, kuma zubar ta biyu mafi yawa ba su tashi. Don haka da likita ya tara mijinta da babban ɗanta bai yi kwana-kwana ba, ya ce "Malam, hanya biyu ce kuma kowace akwai haɗari, wadda ba ta cikin lissafi ita ce a zauna."

Ta farko ita ce tsohuwar hanya, a buɗe ƙoƙon kai ta gefen goshi a bi ta ƙasan ƙwaƙwalwa da madubin tiyata a matse wuyan kumburin da ɗan kilif na ƙarfe. Wani likita mai suna Walter Dandy ya fara yin ta a Amurka a 1937 kuma har gobe ana yi, in ta yi kyau da wuya kumburin ya dawo, har ma wasu likitoci na ganin ta fi saurin sakar wa jijiyar ido mara tunda ana iya sace kumburin bayan an matse. Ta biyu ita ce a bi ta cikin jijiyar jinin kanta a cusa wa kumburin zaren wani ƙarfe mai laushi da ake kira filatinam har jini ya daina shiga. Wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, shi ya ƙirƙiro zaren da ake iya tsinkewa da 'yar wutar lantarki bayan an tabbatar ya zauna daidai, an fara sa wa mutum a 1990 a Los Anjeles, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995. Abin da ya sa duniya ta karkata gare shi wani babban gwaji ne da ake kira ISAT wanda masu bincike na Ingila sunka jagoranta, ya fito a mujallar Lancet a 2002, mutum 2,143 masu fasasshen kumburi anka raba gida biyu. Bayan shekara ɗaya waɗanda sunka mutu ko sunka koma sai an kula da su kashi 23.7 cikin 100 ne a ɓangaren zare, 30.6 a ɓangaren kilif. Sai dai a lura, sama da mutum 9,500 anka tantance kafin a samu waɗannan, kuma an ɗauki waɗanda duka hanyoyin biyu za su yi musu ne kawai, mafi yawansu suna cikin hayyacinsu kuma kumburin ƙarami ne a jijiyoyin gaba. Gwaggo irinsu ce sak, amma ba kowa ba ne irinsu, akwai wanda kilif ne ya dace da shi, misali mai faffaɗan wuya ko wanda jini ya taru guda a cikin ƙwaƙwalwa sai an kwashe.

Iyalin kam da sunka ji "ba a tsaga kai" sun gama yanke hukunci tun likita bai rufe baki ba. Mijin ya ce shi dai kada a taɓa mata kai, ita ma da anka tambaye ta ta ce "ku kai ni inda ba a hwasa kai". Matsalar ita ce mai aikin zaren da likitan ya iya haɗa su da shi a lokacin yana wani asibitin kuɗi a Legas, ga kuɗin miliyoyi ne don kowane zare da kuɗin waje ake sayo shi kuma ba a sake amfani da shi. Anka jinginar da fadama, anka sayar da shanu biyu, 'yan uwa sunka buɗe guruf a WhatsApp ana turo abin da ya sawwaƙa, ƙungiyarsu ta mata masu shinkafa ta ba ta kwasar adashe ba layinta ba. Maganar tafiya a mota ba ta taso ba, doguwar tafiya da girgiza da yanayin hanya, jirgi anka bi da ita tare da likita mai rakiya.

A nan zan faɗi ra'ayina ko da wasu a gidan ba za su ji daɗi ba. Kwanakin da anka ɗauka ana haɗa kuɗi da neman tikiti caca ce da ranta, Allah ne ya rufa asiri. Da ta sake zubarwa a hanya da yanzu wani labarin ake yi. Kilif da ke kusa a yi shi yau a hannun gwani ya fi zaren da ke nesa sai bayan kwanaki, kuma tsoron aski da ɗinki a kai bai kai ya zama shi ne ma'auni ba.

Aikin kansa, yadda likitan ya nuna mana a kwamfuta bayan an gama, ga yadda ya tafi. An sa ta barci gaba ɗaya don ko ɗan motsi ba a so. An huda babbar jijiyar matsematsin dama da allura an zura waya, an bi bayan wayar da ɗan bututu, dabarar da wani likita ɗan Suwidin mai suna Seldinger ya kawo tun 1953, yanzu ma wasu ta wuyan hannu suke shiga. An ba ta maganin tsinka jini kaɗan don kada guda ya taru a jikin robar da ake zurawa. Daga nan doguwar kateta, wato siririn bututun roba, ta hau ta babbar jijiyar ciki, ta wuce ƙirji, ta lanƙwasa ta shiga jijiyar wuya ta dama, likita yana tsaye wajen cinyarta sanye da rigar dalma idonsa a kan allo, yana feso ruwan hoto yana ganin hanya. Cikin wannan katetar anka zura wata siririya wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, ita ce ta bi lanƙwasar jijiya a gindin ƙoƙon kai har bakinta ya shiga cikin kumburin. Wurin nan ne ake riƙe numfashi, don bangon da ya riga ya fashe ne, in waya ta ɗan zarce ta soke shi sai sabuwar zuba a kan tebur.

Zare na farko shi ne babba, yana fitowa daga bakin kateta yana naɗe kansa ya bi bangon kumburin ya yi masa firam. Ba a tsinke shi nan take, sai an feso ruwa an ga bai leƙo cikin babbar jijiya ba kuma ƙaramar jijiyar nan da ke gindin kumburin ba ta toshe ba, in bai zauna ba a janye a sake. Da ya yi sai a tsinke, a bi da ƙanana masu laushi suna cike tsakiya. Nata guda biyar ta ci. Abin mamaki ƙarfen bai cika ko rabin ramin ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne, sauran jinin da ya daskare a tsakanin zaren ne ke cikewa, daga baya jiki ya yi fata a bakin. Hoton ƙarshe ya nuna jini yana wucewa abinsa ba ya leƙawa ciki. Ba a sa mata ragar ƙarfe a jijiya ba, irin wadda ake tokare zaren da ita kada ya fito, ƙaramin wuyan ya taimaka, kuma likitoci ba su cika son raga a sabuwar fashewa ba don tana tilasta shan asfirin da wani maganin tsinka jini na biyu, wanda matsala ne in ruwa ya taru a kai ta kama a huda a zuƙe shi. Duka-duka wajen awa biyu, anka danne matsematsin anka liƙa filasta, anka ce kada ta naɗe ƙafar na wasu awanni.

Filastar nan ita ta ruɗi kowa. Babban ɗan ya kira gida ya ce an gama lafiya ko ɗinki babu, har an fara maganar ranar dawowa da wanda zai je tarba. Alhali zaren ya hana sabuwar zuba ne kawai, jinin da ya riga ya malala yana nan yana ruɓewa a jikin jijiyoyi, kuma tsakanin kwana na 4 zuwa na 14 da fashewa shi ke sa su tsuke har wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Ita a kwana na takwas ya same ta. Da hantsi tana shan kunu kofin ya suɓuce daga hannun hagu, magana ta fara ruɗewa, har ta kira babban ɗan nata da sunansa na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta haife shi, shi kansa a nan ya gane ba lafiya. Anka mayar da ita ɗakin kulawa ta musamman anka ƙara ruwa, anka sa maganin da ke ɗaga hawan jini da gangan. Mijin ya tare ni a baranda ya ce "kai da kake ma'aikaci, macen da hawan jini ya kawo nan ita ake ƙara ma hawan jini?" Na ce Baba ai amfanin toshewar ke nan, yanzu ana iya tura jini da ƙarfi ta jijiyar da ta tsuke ba a tsoron wurin ya sake fashewa, da ba a toshe ba hannun likita a ɗaure yake. Gishirin jininta ma ya sauka anka gyara. Zuwa dare hannun ya fara dawowa, bayan kwana biyu ta koma daidai, ba a kai ga sake shiga jijiya don buɗe ta ba. Ruwa ma bai taru mata a kai ba, wanda wasu sai an sa musu bututu.

Sai da ta cika kwana 21 na nimodifin kafin ta dawo Kebbi, da ƙafarta ta shiga gida. A nan wata wahalar ta fara wadda ba a gani a hoto, gajiya mai tsanani, mantuwa, ta ɗora tukunya ta manta, hayaniyar jikoki tana sa ta kuka, kai yana sarawa in rana ta take. Masu zuwa dubiya suna ganin ba tabo ba rama sai su ce ai Hajiya ta warke sai a koma bakin murhu, har wata ta ce mata son jiki ne. Wannan duk sananne ne bayan irin wannan zubar jinin ko da wace hanya anka bi, yana ɗaukar watanni, wasu ba ya barinsu gaba ɗaya. Maganin hawan jini kuwa sai da anka ɗora wa autarta alhakinsa, ita ke ba ta kullum da safe ta rubuta awon a littafi. Fatar idon ta fara ɗagawa a wata na biyu, zuwa na biyar ta buɗe kusan duka, sai dai har yanzu in ta kalli sama tana ganin biyu-biyu.

Rigima ta ƙarshe a kan hoton wata shida anka yi ta. Gidan sun ce kuɗi sun ƙare kuma mace tana cin tuwonta lafiya, hoton me kuma. To raunin zare ke nan in an gwada shi da kilif, bugun jini yana iya danne shi ya matse ciki sai wuyan ya sake buɗewa, kusan ɗaya cikin biyar ana ganin haka a hoto, kusan ɗaya cikin goma sai an sake aiki, kuma mai shi ba ya jin komai a jikinsa. Da ƙyar anka shawo kan Malam. Ba sai an koma Legas ba, em-ar-ai na jijiyoyi anka yi, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, filatinam ba ya hana shiga na'urar, anka tura wa likitan hoton ta waya. Ya ga ɗan wuri kamar milimita 2 a gindin wuyan da jini ke leƙawa, kan kumburin inda ya fashe kuwa a rufe yake gam. Ya ce a bar shi a sa ido, a sake hoto bayan shekara. In ya ƙaru akwai ƙarin zare, ko kuma irin ragar nan mai ƙananan ido da ake shimfiɗawa cikin babbar jijiya ta kautar da jini daga bakin kumburin, wadda anka amince da ita a Amurka tun 2011, sai dai ita tana tafe da maganin tsinka jini iri biyu na watanni.

'Ya'yan sun tambaya ko su ma sai an yi musu hoton kai tunda an ce akwai gado. Likitan ya ce galibi ana ba da wannan shawarar ne in an samu mutum biyu ko fiye a 'yan uwa na jini na kusa, iyaye ko 'ya'ya ko waɗanda ake ciki ɗaya, ko kuma in akwai ciwon ƙoda mai ƙuraje na gado a gidan, su kuwa Gwaggo ce kaɗai. Abin da ya sa su yi shi ne awon hawan jini, duka anka auna su, biyu sun fito da shi ciki har da babban, wanda kuma yake shan sigari a ɓoye, an sa shi a kan magani an ce ya bar tabar.